Warin Asiton a Bakin Auta

Dokokin shagon Mai Tanki ba su da yawa, kuma kusan dukansu a kan abu ɗaya suke: duron asiton da ke ajiye a kusurwar baya, kusa da tagar da ba a taɓa rufewa. Ba a shan taba a cikin shagon. Ba a kunna injin yanka ƙarfe matuƙar murfin duron a buɗe yake. Ba a ɗiba a kofin roba, domin akwai robar da yake narkarwa kamar gishiri a ruwa. Tsumman da aka jiƙa da shi kuwa, bokitin ƙarfe mai murfi ne makwancinsa.

Tankunan ruwa na faiba suke ƙerawa. A shimfiɗa zaren faiba a jikin mazubi, a shafe shi da rezin, wani ƙaro mai kauri da ke daskarewa ya koma kamar dutse. Kafin ya daskare dole a wanke burushi da almakashi, kuma babu abin da ke cire shi kamar asiton. Ruwa ne garai, ido ba ya bambanta shi da na famfo. Ka ɗiga a tafin hannu ka ji sanyi, kafin ka ɗaga kai ya bushe, ya bar fata fara fat. Duk sabon ma'aikaci sai Mai Tanki ya tsayar da shi gaban duron ya yi masa huɗuba: tururin abin nan ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana rarrafe, kuma shi ke zuwa ya sami wuta, ba wuta ke zuwa ta same shi ba.

"Shi ya sa ba a taɓa gobara a nan ba," in ji Gajere, babban ma'aikacinsa, "sai dai gobarar bakin maigida."

Mai Tanki ba ya dariya a kan wannan magana, amma yana bari a yi. Yana alfahari da cewa ya san asiton kamar yunwar cikinsa. Abin da bai cika faɗa ba shi ne, a cikin shagon hancinsa ya daɗe da daina jin warinsa.

Ɗansa na ƙarshe, wanda kowa ke kira Auta ko da yake ya haura ashirin ya kuma fi ubansa tsawo, a shagon yake aiki. Hannunsa ya fi na uban laushi a gyaran bakin tanki, kuma uban ya sani. Shi zai bar wa shagon. Bai taɓa gaya masa ba, don a ganinsa yabon ɗa a gaban idonsa ɓata shi ne.

Uwar ce ta fara ji. Wata ranar hutu da hantsi, Auta ya yi wanka, ya sa wankakkun kaya, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa, ta bi shi da kallo har ya fita, sannan ta leƙa ɗakin mijinta.

"Baban Auta, yaron nan warin shagonku yake yi."

"Duk gidan nan warin shagonmu yake yi. Shi ne cinku, shi ne shanku."

"Na san warin riga. Wa ke wanke muku su? Wannan ba a riga yake ba. Daga bakinsa yake fitowa."

Ya yi tsaki ya juya mata baya. Amma maganar ta sami wurin zama.

Da aka koma aiki ya fara sa ido, sai ya ga abubuwan da ya daɗe yana gani bai gani ba. Auta ya rame, har ya huda sabon rami a bel ɗinsa. Idanunsa sun faɗa. Ruwa yake sha kamar raƙumi, gora bayan gora. Bini-bini ya ajiye burushi ya nufi bayan shago, kuma hanyar bayan shago ta gefen duron take bi. Rannan ya yanka faiba a karkace, abin da bai taɓa yi ba, ya ce idonsa ne ke yin hazo.

"Gajere, asiton ɗin nan bai yi saurin sauka ba?"

"Zafi ne, maigida, iska ke shan rabonta. Ko ni kake zargi? Ni da ko barkono ba na iya ci?"

Daga nan Gajere, wanda bakinsa ba ya iya zama haka kawai, ya shiga ba da labarin wani saurayi a shagon masu fenti na ƙarshen titi. Wai tsumma yake jiƙawa ya ɓoye a hannun riga, yana aiki yana kai hanci. Ya rame kamar tsinke, ido ya zurma, yana tafiya kamar wanda ke taka ƙwai. Don nishaɗi Gajere ya ba da labarin, har yana kwaikwayon tafiyar. Bai lura maigida ya daina shafa rezin ba.

Bayan azahar Mai Tanki ya kira Auta waje, inda ake jera tankuna su sha iska. Ya kai shi har bakin titi, nesa da ƙofar shago.

"Matso. Buɗe baki ka hura min."

"Baba?"

"Hura na ce."

Auta ya hura. Wari ne mai zaƙi-zaƙi, kamar na 'ya'yan itacen da suka nuna har suka wuce, kuma a ƙarƙashinsa asiton ne, babu ko tantama.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me, Baba?"

"Kada ka mai da ni yaro. Tun yaushe kake shaƙa?"

Auta ya kalle shi baki buɗe. Da farko ya yi kamar zai yi dariya.

"Wallahi ban taɓa ba. Ni da ko takunkumi ba na cirewa in ina wanke burushi? Tambayi Gajere."

"Zaryar bayan shago fa?"

"Fitsari nake yi."

"Kai kaɗai ne mai mafitsara a shagon nan?"

Daga bakin ƙofa wani ya fashe da dariya, ya haɗiye ta da sauri.

A ranar Mai Tanki ya sa aka ɗaure murfin duron da sarƙa, ya danna kwaɗo, ya jefa makullin a aljihunsa. Mai buƙata ya zo ya faɗa, shi zai auna ya ba shi da hannunsa. Auta kuwa aka mai da shi waje, ɗaukar tankuna da lodi, inda ko tsumma ba zai taɓa ba. Bai yi musu ba. Yana ɗauka yana haki, yana zama a inuwa, yana shan ruwa.

Kwanaki suka wuce, warin bai ragu ba. Ƙaruwa ya yi. Ga Mai Tanki lissafin a fili yake: duro a kulle, wari na ƙaruwa, ashe akwai wata maɓoya. Ya san ruwan goge jan farce da ake sayarwa a kowane ƙaramin kanti asiton ne aka sa wa turare. Ya bar shago da rana tsaka ya je gida ya birkice ɗakin Auta. Ya ɗaga katifa, ya zazzage takalma, ya taka kujera ya leƙa saman kwaba. Gorunan ruwa kawai ya samu a ƙarƙashin gado, duk babu komai ciki. Ya shinshina su ɗaya bayan ɗaya. Ruwa ne.

Daga nan ya wuce gidan yayansa. Shi ne babba a dangi, wurinsa ake kai ƙarar aure da ta gado, kuma 'ya'yan Mai Tanki Baba Babba suke ce masa. Ya saurara har ƙarshe yana murza gemu.

"Uwarsa tana cewa a kai shi asibiti," in ji Mai Tanki.

"Asibiti? Don gari ya ji? Likita ya rubuta, nas ta gaya wa ƙanwarta, ƙanwar ta gaya wa mai kitso. Gobe wa zai ba shi 'ya? Kai ma wa zai kawo maka ɗansa koyon aiki?" Ya matso. "Ba ciwo ba ne, sabo ne. Maganin sabo rabuwa. Tsare shi a gida, kada ya ga titi. Zai yi amai, zai yi rawar jiki, zai roƙe ka, zai rantse maka da duk abin rantsuwa. Abin ne ke fita. Kai dai kada zuciyarka ta karye."

"To in ya ƙi ci fa, Yaya?"

"A ba shi mai zaƙi ya riƙe shi. Wa ya taɓa mutuwa don an hana shi shaƙar fenti?"

Haka aka yi. Aka kulle ƙofar gida, aka karɓe wayar Auta. Da safe uban zai leƙa shi kafin ya fita, da yamma ya dawo ya zauna a bakin ƙofar ɗakin. Da amai ya fara, babu wanda ya firgita, domin an riga an faɗa. Abinci ba ya zama, sai uwar ta koma ba shi lemon kwalba da shayi mai sukari da yawa, shi ma su yake nema, yana sha kamar zai haɗiye kofin. Tana ba shi tana share hawaye da gefen zane, tana cewa, "Ka faɗa wa babanka inda ka ɓoye, Autana, a wuce wurin."

Auta ya daina rantsuwa. Ba shi da ƙarfinta.

"Baba, cikina."

"Zai wuce."

"Baba, ba haka ba ne."

"Na sani. Daure."

Mai Tanki da kansa yake fitar da bokitin, ya wanke, ya dawo da shi. Yana goge wa ɗansa baki da tawul, warin yana dukan fuskarsa, yana gaya wa kansa cewa abin ne ke fita. Sau ɗaya ya miƙe ya ɗauki makullin mota, ya tsaya a tsakar gida yana juya shi a hannu. Ya tuna maganar karyewar zuciya. Ya mayar da shi kan ƙusa.

Babbar 'yarsu, wadda ke aure a ɗaya gefen gari, ita ta kira shi yana shago, rana ta take tsaka. Uwar ce ta kira ta a ɓoye.

"Baba, ka zo da mota yanzu."

"Babanku Babba ya ce haka zai yi kafin…"

"Baba Babba ba ya ɗakin nan. Ni ke ciki. Auta bai gane ni ba. Ka saurara."

Ta kai wayar kusa da bakinsa. Mai Tanki ya ji numfashi mai zurfi, a jere, babu hutu, kamar zarto a jikin katako.

Su uku suka ɗauke shi. Bai yi nauyi ba. A hanya uwar na riƙe da kansa a cinyarta, yayarsa na kiran sunansa, shi kuwa Mai Tanki yana ta danna ham a bayan wata motar kaya da ba ta da inda za ta kauce.

A sashen gaggawa wata likita ce ta karɓe su, mace siririya mai tabarau, ba ta kai babbar 'yarsa shekaru ba. Mai Tanki ya ja ta gefe ya rage murya.

"Likita, gara in gaya miki gaskiya. Shaƙe-shaƙe yake yi. Asiton. Mun tsare shi ne don ya daina."

Ta koma bakin gadon. Ta sunkuya kan fuskar Auta, ta ɗago, ta yi wa nas magana da sauri. Nas ta soki yatsansa ta ɗiga jinin a wata ƙaramar na'ura. Na'urar ba ta nuna lamba ba. Abin ya wuce iyakar da take iya aunawa. Nan take aka tura gadon ciki, aka ja labule, aka rataya ledar ƙarin ruwa a hannu biyu.

Da ta fito, uwar ta fuskanta.

"Yana yawan jin ƙishirwa?"

"Kamar me."

"Fitsari fa?"

"Ba ya iya zama."

"Ya rame?"

"Kin gan shi."

"Da ya fara amai me kuka ba shi?"

"Lemo. Da shayi. Shi kaɗai ke zama."

Likitar ta cire tabarau ta goge a gefen riga, ta mayar. Sannan ta yi bayani, a hankali, ba tare da ta kalli kowa a ido ba. Ciwon sukari ne, irin wanda ke kama matasa ba sallama. Jikinsa ya daina yin insulin, abin da ke buɗe wa sukari hanya ya shiga tsoka. Sukari ya cika jini, jiki kuma yana cikin yunwa, sai ya koma ƙona kitsensa. Ƙonar kitsen nan tana barin wasu sinadarai da ke sa jini ya yi tsami. Ɗaya daga cikinsu asiton ne, kuma ta numfashi yake fita.

"A'a," in ji Mai Tanki. "Asiton a masana'anta ake yin sa, daga sinadaran man fetur. Ni ke saye. A duro yake zuwa."

"Shi ne dai, Baba. Abu ɗaya ne. Jikin mutum ma yana yi. Naka ma yana yi, kaɗan."

"Kina nufin bai shaƙa ba?"

"Ban kwana a gidanku ba. Amma abin da na gani a jininsa ba ya buƙatar duro."

"Zai tashi?"

"Da yawa suna tashi, in an zo da wuri. Muna yin abin da za mu iya."

Aka ba shi benci a baranda. Mutum ne da bai saba zama hannu rabbana ba. In tanki ya tsage ya san inda zai kankare, in rezin ya ƙi kamawa ya san abin da zai ƙara. Ya tare nas ya ce a ɗebi jininsa, ta ce ba jini ake buƙata ba. Ya ce ko akwai maganin da zai je ya nemo ko'ina yake a garin nan, ta ce duk suna da shi, an riga an sa. Ya ce to me zai yi. Ta ce ya zauna, kuma ya ɗan janye ƙafarsa, ana wucewa da gado.

Ta tsagar labule yana hango ledar ruwa tana ɗiga. In ta ƙare a sauya wata. Matarsa tana ɗaya ƙarshen bencin, 'yarsu a tsakaninsu. Babu wanda ya zargi kowa. Da an zarge shi da ya sami abin cewa.

Wajen la'asar Gajere ya zo, da rezin a gaban rigarsa. Ya tsuguna ya yi sannu, ya tambayi jiki. Ya daɗe yana murza hula kafin ya yi magana.

"Maigida, ka yi haƙuri. Burushi duk sun daskare. Makullin yana wurinka."

Mai Tanki ya laluba aljihu ya miƙa masa.

"A cire sarƙar."

"To."

"Gajere. Ciwon sukari ne."

"Allah ya ba shi lafiya," in ji Gajere, yana kallon ƙasa.

Auta bai farfaɗo ba. Sukarin ya sauka, in ji likita, amma ƙoda ta riga ta gaji, gishirin jini ya rikice. Washegari da rana zuciyarsa ta tsaya. Sun yi ta danna ƙirjinsa a bayan labule, Mai Tanki yana jin ƙarar gadon daga baranda. Daga baya ƙarar ta daina. Likitar ce ta fito da kanta ta faɗa, cikin jimla biyu.

Mutane sun cika ƙofar gida. Masu sayen tanki, masu fenti na ƙarshen titi, maƙwabta, dangi na kusa da na nesa. Mai Tanki yana zaune a tsakiya yana karɓar hannu. Bai daɗe ba ya gane irin gaisuwar da ake yi masa. Ana riƙe hannunsa fiye da kima. Wani ya ce yaran zamani sai addu'a. Wani ya ce shi ma akwai ɗan ƙaninsa, haka suka yi fama. Labarin sarƙa da kwaɗo ya riga shi isa ko'ina, kuma ba wani ya ƙirƙira shi ba.

Sai ya fara bayani. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya gaya masa: insulin, kitse, jini mai tsami, jiki da kansa yake yi, naka ma yana yi. Yana faɗa dalla-dalla, yadda yake yi wa sabon ma'aikaci a gaban duro. Suna gyaɗa kai. Suna cewa ikon Allah. Wani dattijo ya ce lallai likitoci sun iya magana.

Da jama'a suka ragu, yayansa ya matso da kujerarsa. Mai Tanki ya juya gare shi, ya sake ɗaukowa daga farko, har da na'urar da ta kasa nuna lamba, har da gorunan ruwa a ƙarƙashin gado.

"Yaya, bai taɓa shaƙa ba. Ko sau ɗaya. Gaskiya yake gaya mana."

Yayan ya saurara har ƙarshe. Ya dafa masa gwiwa, ya duba hagu da dama, ya rage murya.

"Na gane. Ka yi dabara, kuma likitar ta kyauta. Ciwon sukari. Haka za mu riƙa gaya wa mutane."

Mai Tanki ya buɗe baki. Wasu baƙi suka yi sallama daga bakin titi, yayan ya miƙe ya tare su, shi ma dole ya miƙe ya ba da hannu.